Tsohon siton bakin teku da ya koma masaukin masu keke: yadda aka tsara Onomichi U2

Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a kan keke ya san abin da ke fara zuwa masa a rai in ya iso masauki: ina zan ajiye keken nan? Gajiya ma daga baya take zuwa. Ga zufa ta jiƙa maka riga, ga baƙin man sarƙa a hannu da ƙafar wando, ga yunwa, ka tsaya a ƙofa mai gadi yana nuna maka can bayan gini wai ka je ka jingine shi, keken da wataƙila wata da watanni ka yi kana tari kafin ka saya. Ranar barcinka rabi da rabi ne, ko motsi ka ji a waje sai ka leƙa taga. To a kan wannan damuwar aka tsara wurin da nake son mu duba, sunansa Onomichi U2, yana ƙasar Japan, kuma tun da na fara bibiyar yadda aka yi shi na kasa daina tunani a kansa.

Onomichi ƙaramin gari ne a jihar Hiroshima, a matse yake tsakanin tsauni da ruwa. Gabansa tekun Seto ne, ruwan nan da ya raba babban tsibirin Honshu da na Shikoku, amma a daidai garin ruwan ya tsuke sosai har in ba a faɗa maka ba za ka ɗauka kogi ne, kana tsaye a gaɓa kana hango gidaje da masana'antun ƙera jiragen ruwa na tsibirin Mukaishima a tsallake. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, tun 1169 ake lissafinta. Bayan layin dogo kuwa gidaje ne suka hau tudu, lunguna da matakala, wurare da yawa mota ba ta shiga. Kyau kam akwai shi, sai dai kyau ba ya riƙe matashi a gari. Mutanen yankin da a wajen 2005 sun kai kimanin 150,000, ƙidayar 2020 ta same su 131,000 da ɗoriya, samari sun yi Hiroshima da Osaka da Tokyo, gidajen kan tudu suna ta zama kango, tsofaffi ne suka rage. Wannan shi ne ciwon da garin ke neman magani, ba wai sha'awar keke kawai ce ta tashe su ba.

Abin da Allah ya ba su shi ne hanya. Akwai hanyoyin gada 3 da suka haɗa Honshu da Shikoku, ta Seto Ohashi da aka buɗe a 1988, ta Kobe zuwa Naruto da aka kammala a 1998, sai ta ƙarshe Shimanami Kaido da aka buɗe a watan Mayun 1999, wadda ta tashi daga Onomichi ta bi ta tsibirai 6, Mukaishima, Innoshima, Ikuchijima, Omishima, Hakatajima da Oshima, ta sauka a garin Imabari na jihar Ehime. A cikin ukun ita kaɗai ce mai keke da mai tafiya a ƙasa za su iya bi har su ƙetare, domin tun wajen gina gadojin an bar musu nasu layin, saboda mutanen tsibiran su samu na zuwa makaranta da aiki da asibiti a keke ko ƙaramin babur. Ga mai keke tsawonta kimanin kilomita 70 ne, wato ta ɗan gaza tafiyar Kaduna zuwa Zariya, sai dai wannan ruwa ne dama da hagu.

Mutum zai ɗauka da an buɗe irin wannan hanya shi kenan kasuwa ta buɗe. Ba haka aka yi ba. Shekarar farko jama'a sun yi ɗoki, an yi hayar kekuna kimanin 70,000 a tashoshin haya na hanyar, daga nan abin ya dinga sauka har a tsakiyar shekarun 2000 ya koma ƙasa da rabin haka. Gadojin suna nan yadda suke, teku tana nan, amma baƙo in ya sauko daga gada sai ya tsinci kansa a titin ƙauye bai san inda zai karya ba, allunan da rubutun Japananci, taya in ta yi faci babu wanda ya sani, kuma a kowace gada sai ya tsaya ya laluba aljihu ya jefa kwabbai a akwati. Nan ne darasin farko na wannan lamari yake a wajena, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa in suna yabon ginin U2: kafin a taɓa siton nan an shafe shekaru ana gyara ƙananan abubuwan da ko hotonsu ba wanda zai ɗauka.

Na farko fenti. Tun wajen 2010 aka fara ja wa gefen kwalta shuɗin layi, daga tashar jirgin ƙasa ta Onomichi har tashar Imabari, da rubutu a ƙasa lokaci-lokaci yana faɗa maka kilomita nawa ya rage. Ba ka buƙatar taswira, ba ka buƙatar jin yaren, bi shuɗi kawai. Kuma layin yana yi wa direban mota magana shi ma, cewa nan fa akwai masu keke, ka sassauta. Na biyu abin da suka kira wurin shan iskar masu keke, wanda aka fara a 2011: mai shago, mai gidan abinci, mai gidan mai, har gidajen mutane, kowa ya amince zai ajiye benci da famfon iska da abin rataya keke, ya ba da ruwan sha ya bari a shiga makewayi. Yanzu sun haura 100 a kan hanyar. Ka ga gwamnati ba ta gina rumfa ko ɗaya ba a nan, mutanen gari ta jawo cikin harkar, kuma wanda ya tsaya cika gora da wuya ya tafi bai sayi lemo ko askirim ba. Na uku kuɗin gada, jimillarsa a lokacin yen 500 ne na kuɗin Japan daga wannan bakin zuwa wancan, ba wani kuɗi ba ne amma tsayawar ce ke ɓata wa mutum tafiya, aka ɗage shi ga masu keke daga watan Yulin 2014. Sannan tashoshin haya kusan 10 da za ka ɗauki keke a wata ka ajiye a wata, in ƙafa ta gaza a tsibiri na 3 ka miƙa musu kayansu ka hau bas ko jirgin fito.

Akwai kuma hannun manya. Gwamnan Ehime, Tokihiro Nakamura, ya ɗauki maganar keke da gaske, har ya nemi kamfanin ƙera kekuna na Giant na Taiwan, kuma a 2012 mai kamfanin, King Liu, dattijo mai shekara sama da 75, ya zo da tawagarsa ya taka hanyar da kansa. A wannan shekarar Giant ya buɗe shago a tashar jirgin ƙasa ta Imabari. Ɓangaren Imabari dama suna da Sunrise Itoyama tun 1999, wurin haya da kwana a gindin gadar Kurushima, gada ta ƙarshe kafin Imabari. Onomichi ce ba ta da ƙofar shiga ta a zo a gani, alhali ita ce ta fi kusa da layin jirgin ƙasa mai sauri inda baƙi ke fitowa.

To ga sito a bakin ruwa, tafiyar kamar minti 5 a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa. An gina shi a 1943, tsakiyar yaƙin duniya na 2, don ajiye kayan da jiragen ruwa ke saukewa, mallakar gwamnatin jihar Hiroshima. A takarda sunansa rumfar kaya mai lamba 2, kalmar rumfar a yarensu uwaya ce, daga nan aka ciro U aka haɗa da 2. Dogon gini ne na kankare, filin cikinsa kimanin murabba'in mita 2,000, rufi can sama, babu ado ko kaɗan. Hukuma ba ta rushe ba, kuma ba ta ce ita za ta gudanar da otal ba, sai ta riƙe mallakar ginin ta nemi 'yan kasuwa su kawo tsarin yadda za a raya shi. Wani kamfanin yankin mai suna Discoverlink Setouchi, da aka kafa a 2012 da niyyar samar wa matasan wurin aikin yi, shi ya ɗauki gudanarwa, zanen kuma ofishin Suppose Design Office na Makoto Tanijiri da Ai Yoshida ne ya yi, su ma 'yan jihar Hiroshima ne. Aka buɗe a watan Maris na 2014.

Yanzu bari mu shiga ciki, don nan ne na fi son in daɗe.

Shawarar farko da ta fi kowacce nauyi ita ce ba su mayar da siton kansa otal ba, sai suka gina otal a cikinsa. Wato tsohon bango da rufi suna nan a matsayin inuwa, a ƙarƙashinsu aka tayar da wani gini mai hawa 2 na ƙarfe mara nauyi da ke tsaye da ƙafafunsa. A fahimtata wannan ya warware matsala fiye da ɗaya a lokaci guda. Ginin 1943 a ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce, ba ka son ka ɗora masa sabon nauyi. Sannan iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe tana kawo tsatsa, to tsohon kankaren ya zama garkuwa ga sabon ginin da ke ciki. Kuma wanda ya shigo yana ɗaga kai zai ga ainihin siton, ba a lulluɓe shi da silin an ɓoye tarihinsa ba. Dattijon garin da ya taɓa dakon kaya a wurin in ya shigo yau zai gane inda yake.

Shawara ta biyu, yadda aka raba filin. Mai zane da yawa in ka ba shi dogon zaure irin wannan, layi ɗaya zai ja a tsakiya ya jera shaguna dama da hagu kamar kasuwar zamani. Su kuwa garin suka kalla suka kwaikwaya, lungunan Onomichi da kake tafiya ba ka san me ke gaba ba sai ka karya kwana. Babu dogayen bangaye tsakanin gidan burodi da wurin shan kofi da gidan abinci da mashaya da shagon kayan tsaraba da shagon keke na Giant, ɗaya yana zubewa cikin ɗaya, kana jiran a ɗaure maka birki kana jin ƙamshin burodi, mai cin abinci yana kallon makaniki yana saita giya. Kayan aikin ma daga garin aka ɗauko tunaninsu, katako da siminti irin na tsofaffin gidaje, ƙarfe irin na masu ƙera jirgi. A shagon tsarabar za ka samu kayan yankin, irin su jakunkunan zanen filafilan jirgi da ake saƙawa a wurin da abubuwan da aka yi da lemon tsamin Ikuchijima, tsibirin da ya yi suna da nomansa a duk Japan.

Sai babbar maganar, keke. Otal ɗin sunansa Hotel Cycle, ɗaki 28. Za ka shigo ginin da kekenka, ka isa teburin karɓar baƙi ka yi rajista ba tare da ka rabu da shi ba, ka tura shi har ɗakinka, a bangon ɗakin akwai maratayi da aka yi musamman, ka ɗaga ka rataye shi kana kwance kana kallonsa. Wallahi in ba ka taɓa kwana kana tunanin keke a waje ba ba za ka gane girman wannan ba. Kuma ka lura, da zarar an yanke shawarar keke zai shiga ɗaki, komai na ginin dole ya bi: ƙofa ta yi faɗi, lungu ya ishi mutum da keke su juya, daɓe ya zama wanda taya mai ƙura ba za ta lalata ba, kar a cika dakali da tudu a hanya. Shawara ɗaya ce ta ja sauran. Akwai wurin da za ka zauna ka kwance ko ka haɗa kekenka da kayan aiki, kuma wanda ke zuwa daga nesa yana iya aiko da kekensa a kwali ya riga shi isowa. Wurin kofin ma an yi masa taga ta waje, mai keke ya tsaya yana kan sirdi ya miƙa kuɗi a miƙo masa, kamar yadda ake yi wa masu mota a wasu ƙasashe. Wanda kuma ba kwana zai yi ba, ya dai gama kilomita 70 daga Imabari yana son ya kama jirgin ƙasa, akwai wurin watsa ruwa da akwatunan ajiya, ba sai ya shiga jirgi yana warin zufa ba.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda suka zana wurin sun bi mai keke daki-daki daga lokacin da ya sauko daga jirgi har ya kwanta, suna tambaya a nan me zai dame shi. Yawancin wuraren shaƙatawa da nake gani daga hoton sama ake fara su, yadda ginin zai fito a jarida, sai an gama a tuna ai mutane za su shigo da kaya a hannu.

Sannan bakin ruwan. Tsakanin siton da teku akwai dogon dandamali na katako, daidai inda a da ake sauke kaya. Da an so da an katange shi an ce na baƙin otal ne, ai shi ne wuri mafi tsada a duk filin. Ba a yi ba. Kowa na iya bi ta wurin, tsohuwa mai yawo da yamma, ɗalibai, mai tura jariri, ka sayi burodi ka zauna ko kar ka sayi komai ka zauna, kana kallon jiragen fito suna kai da komo da manyan injinan ɗaga kaya na masana'antar tsallake. Wannan ba kyauta ba ce kawai, lissafi ne. Ɗaki 28 ko kullum a cike suke mutum nawa ne? Ba su isa su riƙe gidan abinci da gidan burodi da shago ba. Kuma hawan keke yana da lokacinsa, bazara da kaka ake cika, tsakiyar hunturu da lokacin ruwan sama na watan Yuni kasuwa takan ja baya. Abin da zai riƙe wurin ranar Talatar da babu baƙo shi ne mutumin gari da ya zo sayen burodin safe. Da an yi wurin na 'yan wasa zalla, masu matsattsun kaya da hular kwano, da mutumin gari ya ji kamar ba nasa ba ne ya daina leƙowa. Don haka duk mai tsara irin wannan cibiya mutum biyu yake yi wa aiki, mai keke da wanda ko feda bai iya takawa ba, kuma a ganina U2 ta yi nasara ne don ba ta wulaƙanta ɗaya saboda ɗaya ba.

Wani abu da zai ba ka mamaki, hanyar da ta yi suna da gadoji, daga Onomichi ba da gada take farawa ba. Sabuwar gadar Onomichi ba ta da layin keke, tsohuwar kuma ta matse ga motoci, don haka shawarar da ake ba kowa ita ce ya hau jirgin fito zuwa Mukaishima, tafiyar minti kamar 5, kuɗin kai da keke bai wuce 'yan kwabbai ba. A takarda wannan naƙasu ne. A aikace shi ya sa wurin da siton yake ya zama daidai, domin tashar jirgin ƙasa da mashigar fito da wurin hayar keke da masauki duk suna gaɓa ɗaya, cikin 'yan mintuna ka zaga su. Da gada ce mafari da masu keke sun wuce ta gefen gari ba su ajiye ko sisi ba.

Daga can kuma hanyar ce ke ɗaukar nauyin wasan. Gadojin suna da tsayi sosai don manyan jirage su wuce ta ƙasa, to maimakon a sa mai keke ya hau tsaye, an yi masa tasa hanyar da ke lanƙwasa a hankali, gangaren bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, shi ya sa yaro da dattijo a keken haya ma suna iya hawa ba tare da sun sauka sun tura ba. A gadar Innoshima ta ƙarƙashin motoci kake bi. Gadar Tatara, wadda tazarar tsakiyarta mita 890 ce kuma lokacin da aka buɗe ta ita ce mafi tsawon tazara a duniya cikin gadojin da igiyoyin ƙarfe ke riƙe su kai tsaye daga hasumiya, a kanta iyakar Hiroshima da Ehime take, kuma a gindin hasumiyarta an ajiye 'yan katakai, ka buga ka ji amon yana hawa sama yana maimaita kansa, kusan kowa sai ya tsaya. Ta ƙarshe Kurushima, gadoji 3 ne a jere masu rataye, kimanin kilomita 4, ƙarƙashinka ruwa na murɗawa da ƙarfi.

Me ya biyo baya? 2014 ta zama shekarar da komai ya haɗu, U2 a Maris, ɗage kuɗin gada a Yuli, sannan a Oktoba aka yi babban taron Cycling Shimanami inda aka rufe wani dogon sashe na babbar hanyar mota aka bar wa masu keke sama da 7,000, aka kuma ƙulla zumunci da hanyar keke ta tafkin Sun Moon na Taiwan, har aka kafa dutsen tunawa a Omishima kusa da gadar Tatara. A shekarar hayar kekuna ta haura 100,000, kafin korona ta kusa 150,000, ban da masu zuwa da nasu. A Nuwamban 2019 gwamnatin Japan ta sa hanyar cikin 3 na farko da ta ba matsayin hanyar keke ta ƙasa. Amma gaskiya ba zan ɗora wa U2 duk wannan ba, kuma duk wanda ya ce gini ɗaya ne ya ninka baƙi ya yi son kai. Lambobin sun fara hawa tun kafin a buɗe ta. Abin da ta yi shi ne ta ba hanyar fuska da ƙofa, ta kuma ba mutum dalilin kwana a Onomichi maimakon ya iso da safe ya ɗau keke ya wuce, kuma kwanan nan shi ne kuɗin, don wanda ya kwana zai ci na dare, zai hau tudu ya ga gari, zai sayi tsaraba.

Akwai inda abin bai cika ba, kuma ya kamata a faɗa. Na ɗaya tsada. Wurin ba na ɗalibi mai jaka a baya ba ne, kwana a Hotel Cycle sai mai ɗan hali, shi ya sa da yawa ke zuwa su ci burodi su ɗau hoto su tafi ƙananan masaukai na cikin gari. Ba laifi ba ne a kasuwance, amma gini ne na jama'a a filin jama'a, ni da na so a ce an ware ko ɗaki 2 ne masu gadaje da yawa a farashi mai sauƙi. Na biyu haske. Sito ba don kallon waje aka gina shi ba, kuma da yake an zaɓi a bar bangon yadda yake, ɗakunan ba irin masu faffaɗan gilashi ba ne da za ka farka ka ga teku shimfiɗe a gabanka, in kana son teku fitowa za ka yi dandamali. Mai keke da ya wuni a rana ba zai damu ba, duhu-duhun ma daɗi zai yi masa, amma baƙon da ya biya don bakin ruwa yana iya jin an rage masa wani abu. Wannan shi ne farashin riƙe tsohon gini, kuma ni ina ganin ya cancanta.

Na uku, kuma shi ya fi shafar maganar wasanni, ruwan da ke gaban U2 na kallo ne ba na shiga ba. Mashigi ne na aiki, jiragen fito da na kamun kifi da na kaya suna wucewa, ga igiyar ruwa, ba wurin iyo ko tuƙa ƙaramin kwale-kwale ba ne. Don haka duk da tana bakin teku, wasan da take yi wa hidima ɗaya ne tak. Masu tsarin ba su yi ƙoƙarin cusa komai a wuri ɗaya ba, sauran wasannin ruwan suna can tsibirai inda gaɓa ta dace, kamar rairayin Setoda a Ikuchijima da ake iyo da tuƙin kwale-kwale, da WAKKA da aka buɗe a Omishima a 2020, mai haɗa masauki da wasannin ruwa da motar ɗauko mai keken da ya gaji ko kekensa ya lalace a hanya. Na yarda da wannan rabon. Na sha ganin zanen cibiyoyi da aka jera musu filin ƙwallo da wurin iyo da ɗakin motsa jiki da dandalin taro duk a fili ɗaya, kowanne rabi-rabi, bayan shekara 3 rabinsu a kulle saboda kuɗin kula da su ya fi ƙarfin mai wurin.

Na huɗu kuma ba laifin ginin ba ne amma yana nan: yawan mutanen Onomichi bai daina raguwa ba. An samu ayyuka, matasa sun buɗe shagunan kofi da masaukai a wasu tsofaffin gidajen, har manyan masu zuba jari sun shigo tsibiran, kamar masaukin Azumi da aka buɗe a Setoda a 2021 cikin wani tsohon gidan attajirai. Amma aikin karɓar baƙi bai kai yawan aikin da masana'antar jirgi ke ɗauka a zamaninta ba, kuma korona ta nuna yadda irin wannan kasuwa ke iya tsayawa cak cikin wata ɗaya. Haka kuma yawancin kilomita 70 ɗin nan a cikin tsibirai titi ɗaya ake rabawa da motoci, shuɗin layi fenti ne ba shinge ba, a ranakun hutu mazauna wurin da ke son kai amfanin gona ko zuwa asibiti dole su yi haƙuri da ayarin baƙi, wasu ma ranar ce farkon hawansu keke bayan shekaru.

Ɗaya daga cikin gyare-gyaren da aka ƙara daga baya shi ne na kaya. Mutum ya kwana a Onomichi da babbar jaka, zai kwana a Imabari, yaya zai yi da ita a kan keke? Sai aka shigo da kamfanin aika kaya na Sagawa, ka bar jakarka a masauki da safe, mota ta bi babbar hanya da ita, kai ka sauke kekenka daga bango ka turo shi ta lungun otal, ka tsaya a taga ka karɓi kofi, ka gangara mashigar fito tare da 'yan makaranta da ma'aikatan masana'anta masu tsallakawa Mukaishima, kafin ka gama hawa da sauka gada ta ƙarshe da yamma jakar ta riga ka isa ɗaki.